Barci ko allurar baya: wanne ya fi wa ƙafar da aka ɗaure a ɗakin tiyata?

Duk wanda za a yi wa aikin gwiwa, ko gyaran karayar ƙwauri, ko na idon sawu, da wuya ya shiga ɗakin tiyata ba a yi masa tambayar nan ba: "Baba, a sa ka barci gaba ɗaya, ko a yi maka allurar baya ƙafafun su mutu kana farke?" Amsar yawancin mutane ɗaya ce: "Likita, duk wanda ka ga ya fi." Ba laifi ba ne. Sai dai akwai abu na uku da ba a cika ambata ba a wannan hirar, alhali shi ya fi takura wa ƙafar, wato maɗaurin da za a naɗa a cinya a hura masa iska har jini ya daina wucewa. Likitoci suna ce masa tonike. Awa guda, wani lokaci biyu, ƙafar tana kwance babu ɗigon sabon jini da ke shigarta, babu oksijin ke nan. To irin maganin kashe zafin da aka zaɓa yana sauya halin da tsokar ƙafar ke shiga? Yana sauyawa, amma ba a inda aka fi zato ba.

Abin da ake yi wa ƙafar

Idan magani ya kama, sai a ɗaga ƙafar sama, a ɗauko wata doguwar roba mai faɗi a naɗe ta tun daga yatsu har cinya, ana ja ana matsewa kamar mai matse wanki. Jinin da ke ƙafar ya gudu ya koma gangar jiki. Robar tana ɗauke da sunan Friedrich von Esmarch, likitan Jamus da ya fito da ita a 1873. Daga nan a hura maɗaurin, a warware robar, tafin ƙafa ya koɗe kamar ba na mai rai ba. Wani ya ɗaga kai ya dubi agogo, ya faɗi lokacin da ƙarfi, a rubuta. Wannan rubutun ya fi komai muhimmanci a duk abin da zan faɗa a nan.

Maɗauri mai iska likitan Amurka Harvey Cushing ne ya shigo da shi a 1904, na zamani kuma mai kwamfuta, wanda ke riƙe matsi ba hawa ba sauka, James McEwen ya ƙirƙiro shi a Kanada a farkon shekarun 1980. A cinyar babban mutum akan hura shi zuwa 250 ko 300 mmHg (ma'aunin da ake auna matsin jini da shi), kusan ninki biyu na matsin jinin mai lafiya. Ribar a fili take: likita yana ganin abin da yake yankawa, jini bai rufe masa fili ba.

Tsoka ce ke biyan kuɗin. Ɗan oksijin da ya maƙale a ƙananan jijiyoyin jini, da wanda tsoka ta ajiye a wani sinadarinta mai suna mayogulobin, cikin mintuna ake cinye shi. Daga nan tsoka ta koma samar da ƙarfi ba tare da oksijin ba, hanyar da ke barin asid a baya. Ma'aunin tsamin jini, wanda a lafiya yake 7.4, yakan gangaro ƙasa da 7 idan an kusa awa biyu a ɗaure, wato tsamin ya ƙaru. Sinadarin fotasiyam yana tsiyayowa daga ƙwayoyin tsoka, iskar kabon tana taruwa babu mai kwashe ta. Shi ya sa aka saba da ƙa'idar awa biyu. In aiki bai ƙare ba, a sassauta na minti 10 zuwa 15, jini ya zaga, sannan a sake hurawa.

Wani abin da ke ruɗin 'yan uwan majinyaci, har ma da ɗalibai: ɗan na'urar nan da ake maƙala a yatsan hannu tana iya nuna 99 tun farkon aiki har ƙarshe, ƙafa kuwa tana can tana fama. Na'urar jinin da ke bugawa take karantawa, a yatsan da aka maƙala ta. A kai ta yatsan ƙafar da aka ɗaure, ba za ta nuna komai ba, don babu bugu. Abin da ke iya leƙa tsokar shi ne wata dabara da ake kira NIRS, wadda Frans Jöbsis ya bayyana a 1977. Ana manna faifai a fata, ya aika haske mai kusa da ja wanda ido ba ya gani, hasken ya ratsa kamar santimita biyu ya dawo, a lissafa kashi nawa na himogulobin, wato jan sinadarin jini mai dakon oksijin, ke ɗauke da shi. A ƙafa mai lafiya lambar takan zauna tsakanin 60 da 80. Ana hura maɗauri ta fara zamewa ƙasa, da sauri a farko, sannan ta lafa. Ana sassautawa ta yi tsalle ta wuce inda ta faro, kafin ta dawo. Kaurin kitse da duhun fata da irin na'urar duk suna taɓa lambar, don haka yadda take hawa da sauka a jikin mutum ɗaya ya fi abin dogaro a kan gwada lambar wani da ta wani.

Da wannan hoton a zuciya, kwatancen ya rabu gida uku: kafin a hura, lokacin da ake ɗaure, da bayan an saki. Kuma gidajen ba girmansu ɗaya ba.

Kafin a hura

A nan allurar baya ta fi burgewa a ido. Ana soka ta a gadon baya ƙasa da inda laka ta ƙare, a zuba ɗan magani, galibi bufibaken, cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi. Jijiyoyin da ke riƙe hanyoyin jini a tsuke su ne ke fara mutuwa, tun kafin na jin zafi. Majinyaci zai ce, "Likita, ƙafafuna sun yi ɗumi." Gaskiya ya faɗa. Hanyoyin jini sun buɗe, jini ya kwararo, fata ta yi ɗumi, lambar NIRS ta ɗan hau. August Bier, likitan da ya fara wannan allura a garin Kiel na Jamus a 1898, da hodar iblis ya yi ta, ya kuma gwada a kan mataimakinsa, su biyun suka kwana da ciwon kai. Yau allurai sun sirance, ciwon kan ya ragu ƙwarai, amma buɗewar hanyoyin jinin tana nan yadda take.

Barcin gaba ɗaya shi ma yana buɗe hanyoyin jini, domin magungunan sa barci, furofofol da iskar sebofuluren, duk suna yin haka, sai dai a duk jiki, ba a ƙafa kaɗai ba. Yana kuma da wata dama: likita ne ke riƙe da numfashi, yana iya ƙara oksijin yadda ya so. Amma ƙarin ba ya kai yadda ake tsammani, saboda himogulobin ne ke ɗauke da kusan duk oksijin ɗin jini, kuma a mai lafiyar huhu ya riga ya cika kashi 97 ko 98 tun da iskar ɗaki. Tulun da ya cika, me za ka ƙara masa?

Ga inda gizo ke saƙa. Duk jinin nan mai ɗumi da allurar baya ta tara a ƙafa, minti kaɗan bayan haka za a zo da robar Esmarch a matse shi. An tara an zubar. Abin da ya rage a tsokar ba shi da yawan da zai raba allurar baya da barci ta fuskar da majinyaci zai gani a jikinsa. Sannan allurar bayan tana da nata bashin: kusan mutum ɗaya cikin uku jininsa yakan sauka, kuma buɗaɗɗiyar hanya ba ta da amfani in babu matsin da zai tura jini cikinta. Ana gyara wannan da ƙarin ruwa da magunguna irin su efedirin, abu ne na yau da kullum, amma ya isa ya nuna cewa ɗumin ƙafa ba shi ne ƙarshen magana ba.

Lokacin da ake ɗaure

Babu maganin barci ko allurar da ke kai oksijin ƙasan maɗaurin da aka hura. Ko a cika huhu da zallar oksijin, ƙofa a kulle take. Abin da kawai ya rage shi ne saurin cinye ɗan abin da ke ciki, kuma a nan hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki: allurar baya ta kwantar da tsokar, barci tare da maganin sakin tsoka shi ma ya kwantar da ita. Ƙafar tana kuma yin sanyi a hankali, sanyin yana ɗan rage mata buƙata.

Bambancin yana sama da maɗaurin, a sauran jiki, kuma babba ne. Tsakanin minti 30 zuwa 60 da hurawa, wani irin ciwo yakan taso, mai nauyi, mai nuƙurƙusa, wanda ba na yanka ba ne. Siraran jijiyoyi marasa rufi ne ke ɗaukarsa, su kuwa sun fi jure matsi, sun kuma fi saurin farfaɗowa daga magani. Mai barci ba ya sanin yana ji, amma jikinsa ya sani: bugun zuciya ya ƙaru, jini ya fara hawa a hankali, kamar ana hura shi tare da maɗaurin. Wani bincike da aka wallafa daga Finlan a 1987 ya ga wannan hawan jinin a kusan biyu cikin uku na waɗanda aka sa barci, a masu allurar baya kuwa bai kai uku cikin ɗari ba. Abin haushin, ƙara zurfin barci ko ƙara magungunan dangin mofin ba kullum yake saukar da shi ba. Ɗan ƙaramin maganin ketamin kafin a hura yana taimakawa. Abin da ke kashe shi nan take dai shi ne a saki iskar.

Me ya haɗa hawan jini da oksijin ɗin ƙafa? Ga shi. An hura maɗauri bisa matsin jinin da mutum ke da shi a farko. In jinin ya hau ya kusa matsin maɗaurin, sai ya fara kutsowa ta manyan jijiyoyin jini, alhali hanyoyin komawa suna toshe. Ƙafa ta cika, fili ya jiƙe, likitan fiɗa ya ɗago kai ya ce a ƙara matsi. Ƙarin matsin nan kuwa kai tsaye yake sauka a kan tsoka da jijiyoyin da ke ƙarƙashin maɗaurin, kuma yawancin raunin jijiya da ake samu bayan tonike a nan yake faruwa, a gefen maɗaurin, ba can ƙasa ba. Wato allurar baya ba ta ciyar da ƙafar da oksijin, amma tana riƙe jini a daidai, wanda ke ba da damar a yi aiki da matsi mafi ƙanƙanta. A ganina wannan ita ce babbar fa'idarta a wannan zangon, kuma ita ce ba a cika faɗa ba.

Ba ta tsira gaba ɗaya ba ita ma. Allura ɗaya ta bufibaken awa biyu zuwa uku take yi, kuma daga sama take fara janyewa. In aiki ya ja, sai ka ji majinyacin da yake kwance shiru ya fara mutsu-mutsu: "Likita, cinyata. Kamar an ɗora mini dutse." Yankan ba ya jin sa, maɗaurin yake ji. Wani ɗan maganin kwantar da hankali ya ishe shi, wani kuwa sai an sa shi barci a tsakiyar aiki, an yi biyu ke nan. Inda aka san aikin mai tsawo ne, akan bar siririyar roba a bayan, wato efidural, a riƙa ƙara magani.

Bayan an saki

Nan ne maganar take da nama. Ana sakin iska, abu biyu ke faruwa a lokaci guda: jini ya ruga cikin ƙafar da hanyoyinta suka buɗe iya buɗewa saboda yunwa, dattin da ya taru kuma ya kwararo cikin jiki. Matsin jini ya faɗi. Iskar kabon da ke fita a numfashi ta hau, ta kai ƙololuwa cikin minti ɗaya zuwa uku, ta ɗauki kamar minti goma kafin ta daidaita. Fotasiyam ya ɗan ɗaga. Zafin jiki ya ragu, tunda jini ya bi ta cikin ƙafa mai sanyi ya dawo.

Mai allurar baya da kansa yake numfashi, don haka jikinsa yana jin kabon ɗin ya ƙara numfashi ba sai an ce masa ba, yakan kuma fi saurin fitar da shi. Amma faɗuwar jini ta fi yi masa barazana, domin jijiyoyin da za su tsuke hanyoyin jini su tare faɗuwar suna cikin waɗanda aka kashe. Likitan da ya san aikinsa yakan riga ya ba da ruwa, allurar ɗaga jini tana hannunsa, kafin ya ce a saki. Mai barci kuwa injin ne ke numfasa masa, injin kuma ba ya jin komai, sai likita ya ƙara masa gudu da hannunsa. Wannan rauni ne in an yi sakaci, ƙarfi ne in an kula. Ga wanda ya yi hatsari ya karye a ƙafa ya kuma bugu a kai, hawan kabon yana ƙara jini a ƙwaƙwalwa ya ɗaga matsin cikin ƙoƙon kai, a nan riƙe numfashi a hannun likita ba abin wasa ba ne.

Sai wani abu mai kama da almara: dawowar oksijin ita kanta tana yi wa tsoka rauni. Ƙwayoyin da suka daɗe babu shi, in ya dawo musu gaba ɗaya, sukan haifar da wasu guntayen sinadarai masu ƙuna da ke lalata bangon ƙwaya da na ƙananan hanyoyin jini. Ruwa ya tsiyayo, ƙafa ta kumbura, kumburin ya matse hanyoyin da jini zai bi. Saboda haka lambar NIRS tana iya tsalle sama a mintunan farko, amma a awannin da ke biye wasu sassan tsokar su kasance ba sa samun abin da ya ishe su.

A nan ne masu son barcin gaba ɗaya ke da hujja. Furofofol a ƙirarsa yana kama da bitamin E, yana kuma iya kama waɗannan guntaye masu ƙuna. Ƙananan bincike da dama a kan masu aikin gwiwa sun ga alamomin wannan lalacewa sun ragu a jinin waɗanda aka riƙe da shi. Sebofuluren shi ma an san yana shirya ƙwayoyi su jure yankewar jini, musamman a binciken zuciya. Amma abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Alama a kwalbar jini daban, saurin taka ƙafa daban, kuma binciken sun fi tsayawa a kan ta farkon. Na biyu, furofofol ba mallakin barcin gaba ɗaya ba ne. Ana iya yi wa mutum allurar baya a riƙa ɗiga masa shi kaɗan kaɗan ya yi gyangyaɗi, ya ci riba biyu.

Abin da na fi ba nauyi shi ne daren farko. Fatar bakin yanka tana buƙatar oksijin don ta haɗe, fararen ƙwayoyin jini kuma da oksijin suke kashe ƙwayoyin cuta. Abokan gaban wannan oksijin uku ne: ciwo, sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, domin duk ukun suna sa jiki ya tsuke hanyoyin jinin fata. Wanda ya farka daga barci cikin raɗaɗi yana makyarkyata, bakin yankansa yana cikin yunwa ko da na'urar yatsa tana nuna 99. Wanda aka yi wa allurar baya yana fita babu ciwo, ƙafa a buɗe da jini, na 'yan awanni. Sai dai yana iya fita da sanyi shi ma, don buɗewar hanyoyin jini tana zubar da zafin jiki, kuma in allurar ta sake shi da dare ba a tanadi komai ba, ciwon yakan zo masa gaba ɗaya. Matsin maɗaurin shi ma yana bin mutum har gadon jinya: an auna oksijin a gefen yankan waɗanda aka yi wa sauyin gwiwa, wato aka sa musu ta roba da ƙarfe, a Ingila, aka ga waɗanda aka hura wa matsi mai yawa sun fi daɗewa da ƙarancinsa a kwanakin bayan aiki.

Hanya ta uku

Allurar kashe jijiya, wadda yanzu ake yi ana kallon jijiyar a na'urar hoton sauti, tana kashe ƙafa ɗaya tak. Hanyoyin jinin wannan ƙafar su buɗe, sauran jiki bai sani ba, jini bai faɗi ba. Tana kuma iya kai awa 12 zuwa 24, wato ta rufe daren farkon nan da nake magana. Ta fuskar oksijin bayan aiki, ita ce ta fi dacewa da abin da ƙafar ke so.

Matsalarta maɗaurin cinya. Jijiyoyi da yawa ne ke raba cinya a tsakaninsu, ta gaba da ta baya da ta ciki da ta gefe, kashe su duka kuwa yana cin magani mai yawa, maganin kuma guba ne ga zuciya da ƙwaƙwalwa in ya wuce kima. Don haka ita kaɗai ta fi kyau ga aikin sawu da yatsu, inda za a kashe jijiyar bayan gwiwa a ɗaura maɗaurin a ƙasan gwiwa ko a idon sawu. A aikin gwiwa kuwa abokiyar tafiya ce, a haɗa ta da allurar baya ko da barci.

Akwai wurin da ake taka-tsantsan da ita. Karayar ƙwauri tana iya jawo kumburi a cikin rufaffen ɗakin tsoka, matsi ya hau har ya toshe jini, tonike na cikin gida ke nan wanda babu mai sassauta shi sai wuƙa. Alamarsa ta farko ciwo ne da ya wuce misali. Ƙafar da aka kashe na awa ashirin tana iya ɓoye wannan ƙararrawar. Likitoci sun rabu a kan girman haɗarin, wasu suna amfani da magani mai rauni su riƙa duba ƙafar a kai a kai, wasu suna gudun ta ɗungurungum a irin wannan karaya.

To wa ya dace da wanne?

Ga babban mutum da za a yi wa aikin gwiwa ko ƙasa da ita, aikin da ba zai wuce awa biyu ba, ni allurar baya zan karkata gare ta, da ɗan maganin gyangyaɗi in yana tsoro, da allurar jijiya don dare. Dalilina ba lambar oksijin da ke hawa kafin a hura ba ce. Dalilina jini ya zauna daidai lokacin ɗauri, da fita babu ciwo. Mai ciwon huhu, da mai ƙiba da ke shaƙewa a barci, su ma nan suka fi samun sauƙi.

Barci gaba ɗaya ya fi ga wanda ke shan maganin tsinka jini ba a dakatar ba, domin jini in ya taru a kusa da laka yana iya shanye ƙafafu. Akwai ƙa'idojin jira: awa 12 bayan ƙaramar allurar hefarin ta rigakafi, awa 24 bayan babba, kwana biyar zuwa bakwai bayan kulofidogirel. Haka mai ƙurji ko cuta a wurin da za a soka allurar, da wanda ya zubar da jini da yawa, da mai tsananin tsukewar ƙofar zuciya wanda ba zai jure faɗuwar jini farat ɗaya ba, da ƙaramin yaro da ba zai kwanta shiru ba, da aikin da zai ci awanni. Da kuma wanda ya ce shi dai ba ya so ya ji ƙarar zarto da guduma. Wannan ma dalili ne, kuma babu mai tilasta masa.

Kada a ɗauka barci wani mugun zaɓi ne. Babban gwajin da aka wallafa a 2021, mai suna REGAIN, ya raba tsofaffi 1,600 masu karayar ƙugu a Amurka da Kanada tsakanin allurar baya da barci, bayan kwana 60 kuma ba a ga bambanci ba wajen rayuwa da iya tafiya. A aikin ƙugu ba a ɗaura tonike, don haka gwajin bai amsa tambayarmu kai tsaye ba, amma ya rage wa masu cewa allurar baya ta fi a kowane hali ƙarfin murya.

Akwai kuma mutanen da tambayar barci ko allura ba ita ce ta farko a kansu ba. Mai toshewar jijiyoyin jinin ƙafa, irin wanda daɗaɗɗen ciwon suga ko taba ke jawowa, ƙafarsa da ma a gefen yunwa take, jijiyoyin kuma sun yi tauri, matsi yana iya fasa dattin da ya manne a bangonsu. Wanda ke da gudan jini a jijiyar ƙafa, matse ta da roba yana iya tura gudan zuwa huhu. Mai sikila kuwa, abubuwa ukun da ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsa, wato ƙarancin oksijin da tsami da tsayawar jini, su ne ainihin abin da maɗauri ke haddasawa. An yi amfani da shi lafiya ga masu sikila da dama, tare da matse jinin ƙafar sosai, da ɗumama jiki, da ruwa, da oksijin, amma shawara ce da ake yankewa mutum-mutum. Ga duk waɗannan, abin tattaunawa shi ne a ɗaura ko kada a ɗaura.

Wannan tambayar ma ta fara shafar kowa. Wani nazari na 2020 daga Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwaje 41 a kan sauyin gwiwa, mutum sama da 2,800, ya ga waɗanda aka yi wa da tonike sun fi jin ciwo a ranar farko, sun kuma fi gamuwa da manyan matsaloli irin su gudan jini da cutar yanka. Likitocin ƙashi da yawa yanzu sukan yi aikin babu shi, ko su hura shi na ɗan lokacin sa simintin da ke manna sabuwar gwiwar da ƙashi kawai. Wasu kuma suna auna mafi ƙanƙantar matsin da ke tsayar da bugun jini a ƙafar wannan mutumin, su ɗora 40 zuwa 80 mmHg a kai, maimakon 300 ɗin da ake hura wa kowa. Faffaɗan maɗauri yana tsayar da jini da matsi ƙasa da na siriri.

Saboda haka in likita ya zo bakin gado da tambayar barci ko allurar baya, bayan ka faɗa masa duk magungunan da kake sha, musamman na tsinka jini, da ko kana da sikila ko suga ko ka taɓa samun gudan jini, kana da damar ka mayar masa da taka: "Likita, za a ɗaure cinyar? Kamar minti nawa? Kuma in allurar ta sake ni da dare, me aka tanadar mini?"